Rigar da Aka Yanke wa Aljihu

Duk shekara idan azumi ya raba tsakiya na shiga kasuwar Bodinga sarin yadi, ba na bi ta rumfar masu bugun tufafi. Gara in zaga ta wajen masu albasa, in sha wari, in ɓullo ta bayan mahauta. 'Ya'yana suna yi mini dariya, wai tsohuwa guda tana tsoron guduma. Ba tsoro ba ne. Ƙarar katakon nan a kan shadda ita ke mayar da ni tsakar gidanmu, jajiberin wata ƙaramar salla, ina yarinya mai famfara. Da za ka gan ni, mai karatu, abin da za ka fara lura da shi tabo ne da ya raba girata ta hagu gida biyu. A ranar na same shi, kuma cikin waɗanda abin ya shafa ni ce na fi samun sauƙi.

Gidanmu yana wani ƙauye tsakanin Lambara da Shagari. Mai gidan shi ne kakanmu na wajen uba, muna ce masa Baba Tsoho. Dogo ne baƙi, manomin gero da albasa, magana tana yi masa tsada. Ni kaɗai yake wa wasa. Yakan kira ni uwargida, ni kuma in murguɗa baki in ce ba na auren mijin da ba shi da rigar kirki. Gaskiya kuwa na faɗa. Tun da na buɗe ido ban taɓa ganin zare mai launi a jikinsa ba. Farar taguwa ta akoko da hula, shi ke nan, ko ranar salla ce, ko ɗaurin auren ɗansa.

Abin mamakin shi ne autansa tela ne. Baffa muke ce masa, ƙanen babana. Da faɗa ya koyi ɗinki, don Baba Tsoho ya hana, ya yi duka, ya yi zagi, yaro ya ƙi ji, har ya kai ga kafa kekensa a kasuwar Bodinga. Hannunsa kuwa Allah ya yi masa baiwa. Idan ya yi wa riga aiki a wuya da aljihu, mutum sai ya tsaya ya sake dubawa. Kowace salla sai ya ɗinko wa ubansa riga ya kawo, ya durƙusa ya ajiye. Baba Tsoho ya ce, "Allah shi yi albarka," ya naɗe ta, kafin magariba ya aika wa liman ko wani maƙwabci. Washegari Baffa zai je Idi ya hango ɗinkinsa a wuyan wani, ubansa kuwa yana sahun gaba cikin akokonsa. Ina yarinya amma na san abin yana cinsa, don idan ya dawo ba ya taɓa tuwon salla. Abu ɗaya yake nema a duniya, ubansa ya sa ɗinkinsa ko da sau ɗaya ne.

A ɗakin Baba Tsoho akwai wani adudu da ba mai taɓawa sai matarsa, kakarmu, wadda muke kira Kaka. Sau ɗaya a shekara, idan ruwa ya ɗauke an fara yankan gero, takan fito da shi ta shanya abin da ke ciki. Riga ce guda, tsohuwar saƙi, an rina ta da shuni har ta koma kusan baƙa. Nauyi gare ta, ni kaɗai ba na iya ɗaga ta. Siraran ƙyallaye ne aka jera aka haɗa da allura, ɗinkin ƙanana har sai ka kai ido kusa. Rigar kakan Baba Tsoho ce, iyakar abin da aka gaya mana ke nan. Sai dai a ƙirjinta na hagu, inda aljihu da aikinsa ya kamata su zauna, rami ne babba, gefensa duk ya tsattsage.

Ranar shanyar nan ita ce ranar da Kaka ke buɗe bakin tarihi, mu jikoki muna zaune muna korar kaji kada su hau. Ba a littafi na karanta ba, daga bakinta na ji, ita ma daga bakin tata kakar. Takan ce a cikin shekaru ɗarin nan da suka gabaci zuwan Turawa, tufar mutanen ƙasar nan ta juya gaba ɗaya. Da fari manomi warki ne nasa, fatar akuya a ƙugu, ya shiga gona ya shiga kasuwa da ita ba kunya. Matar ƙauye zane ɗaya take ɗaurawa a ƙugu, ga jigida, kai a buɗe kowa ya ga kitsonta. Da zamanin malamai ya kafu sai aka fara jin kunyar fata. Maza suka shiga taguwa, daga nan riga da wando da hula, masu ilimi da masu sarauta suka ɗora rawani. Mata suka ja zane ya rufe ƙirji, suka ɗaura kallabi, suka yafa mayafi. Masu hali suka koma turkuɗi, baƙin zanen nan mai ƙyalli da ke zuba a jiki, har mace takan ƙi wanke shuɗin da ya bari a wuyanta don a san abin da ta sa. Daga baya fatake suka kawo jan alharini daga arewa, can wajen ƙarshe kuma akoko ya shigo daga kudu ya karya wa masaƙa kasuwa.

Takan ƙara da cewa ba kowa aka tafi da shi ba. An bar bayi a baya. Baiwa ba ta yafa mayafi, bawa kuwa warkinsa, in ubangidansa mai kirki ne ya ba shi taguwa marar ado. Tun daga nesa, kafin mutum ya yi sallama, tufarsa ta riga ta faɗi ko shi ɗan wane ne. A nan take tsayawa kullum. Idan muka nuna ramin muka tambaya, sai ta kakkaɓe rigar ta ce, "Gara ta." Wato gara ce ta ci. Haka aka gaya wa babana yana yaro, haka aka gaya wa Baffa, kuma ba wanda ya taɓa tambayar wace irin gara ce ke cin aljihu ta bar sauran riga.

A shekarar da nake ba ka labari azumi ya faɗo cikin bazara. Zafi har ƙasa na ƙona tafin ƙafa, gari duk warin albasar da aka baza a rumfuna. Baffa ya zauna ya yi tunaninsa, ya ga cewa tunda tsoho ba ya son sabuwar riga, to wadda yake so ita za a gyara masa. Ya faki ido a farkon azumi ya ɗauke ta daga adudu, ba wanda ya lura tunda ba lokacin shanya ba ne. Ya nemo tsohon saƙi mai irin launinta, ya yanka aljihu, ya ajiye keke ya ɗauki allura. Da hannu ya yi aikin, irin na da, wanda ake kira aska biyu, da farin zaren tsamiya, wato alharinin ƙasarmu. Da ya gama ya kai wa masu bugu suka lallaɓa ta har ta ɗauki ƙyalli.

Ranar jajibere bayan la'asar ya shigo da ita a naɗe cikin farin ƙyalle. Babana da sauran maza suna kasuwar Shagari ba su dawo ba. Mata suna madafi suna suyar salla. Baba Tsoho yana zaune gindin darbejiyar tsakar gida yana sassaƙa ƙotar gatari, ni kuma ina gefensa ina tsince ɓawon da ke zuba. Baffa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya warware ƙyallen. Har yau ina ganin fuskarsa, yana murmushi yana ƙoƙarin ɓoyewa.

Ya ce, "Baba, ga rigag gado na gyara maka. Inda gara tac ci na cike shi. Gobe in Allah ya so da ita za ka Idi."

Ni dai na ga abin da ban taɓa gani ba don kyau, har na miƙa hannu zan shafa. Baba Tsoho bai motsa ba. Ya dubi aljihun ya daɗe.

"Wa yac ce ka taɓa ta?"

"Ba kowa, Baba. Ni nig ga ya dace."

Bai rufe baki ba ƙotar ta sauka a kafaɗarsa. Na ji ƙarar kamar an sari kabewa. Baffa ya faɗi gefe, ya yunƙura zai tashi, ta biyu ta same shi a haƙarƙari. Tsohon da ke tashi da ƙyar in zai yi alwala, ranar ya miƙe tsaye yana ɗaga ice da hannu biyu, ba ya zagi, numfashi kawai yake yi kamar mai faskare. Baffa bai gudu ba kuma bai rama ba, ɗan halak ba ya ɗaga wa uba hannu. Abin da ya yi kawai, ya jawo rigar ya rungume, ya ɗora hannunsa na dama a kan aljihun don kada duka ya lalata aikin. A nan ƙotar ta same shi, a kan yatsu, ƙasa mai tauri tana ƙarƙashi. Ya yi wata ƙara da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Tsoho ya sake ɗagawa ya sake saukewa a wuri guda.

Matan gida suka fito suka tsaya bakin madafi suna salati, ba mai iya tunkarar suruki. Ni ban san lokacin da na faɗa kan Baffa ba. Na dai san na ga ice yana zuwa, sai wuta ta tashi a idona, sai ɗumi ya rufe mini rabin fuska. Jinina ya zuba a kafaɗar rigar. Shi ya tsayar da Baba Tsoho. Ya tsaya da ƙota a sama yana dubana kamar bai san ni ba.

Kaka ta ratso matan ta fito, hannunta duk ƙullu. Gajeruwa ce, ko kafaɗarsa ba ta kai ba, amma ta zo gabansa ta tsaya.

"Aje icen ga."

Ya sake shi ya faɗi. Ta duƙa ta kama hannun Baffa ta ɗaga. Yatsa biyu sun karkace sun kalli inda yatsa ba ya kallo, farcen ɗaya ya fita, jini yana bin gwiwar hannu.

"Duba da kyau," in ji ta. "Na dama na. Hannun allura na. Su bawa sunka yi ma haka, kai ɗanka kay yi ma."

Sannan ta juya wajenmu, mata da yara da Baffa da ke kwance, ta ce, "Ba gara ba ta. Wuƙa ta." Baba Tsoho ya ce mata ta yi shiru don Allah. Ta ce shirun da ta yi shekara da shekaru ga abin da ya haifa, yau sai ta faɗi. Tana ƙona tsumma tana danna tokar a girata don jinin ya tsaya, tana magana da ƙarfi yadda har maƙwabta da suka taru a zaure suna ji.

Kakan Baba Tsoho, mai rigar, ba a ƙasar nan aka haife shi ba. Mahara ne suka faɗa wa ƙauyensu can kudu, suka sa wuta, suka kashe ubansa a bakin rumbu yana kallo, suka ɗaure shi da igiya a wuya daga shi sai warki. Uwarsa an raba su a wata kasuwa, bai ƙara ganinta ba. Aka kawo shi wani rinji kusa da Bodinga, wato ƙauyen da bayi ke yi wa ubangida noma da sana'a. A nan ya koyi saƙa, ya koyi allura, har ya zama rigunan da manya ke sawa su tafi Sakkwato daga hannunsa suke fita. Shi kuwa yana cikin fatarsa. Ya musulunta, ya iya salla, yana tsayawa sahu ɗaya da masu sanye da aikinsa. Sai ya ɗauka wanda aka yarda ya tsaya a sahu an yarda ya yi shigar sahu. Ya riƙa tara ragowar zare, ƙyalle bayan ƙyalle, shekaru, har ya haɗa riga tasa ta kansa, ya yi mata aska biyu a aljihu.

Ranar wata salla ya sa ta ya kama hanyar Idi. Bai kai ba. 'Ya'yan ubangidansa suka tare shi a hanya gaban jama'a, suka kayar da shi. Ba su ma tuɓe masa ita ba, a jikinsa suka yanke aljihun, wuƙar ta tafi da naman ƙirjinsa. Suka ja shi har rumfar masu bugu, suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan gungumen da ake buga tufafi, suka sa guduma suka farfasa yatsun, don kada ya ƙara riƙe allura. Suka bar masa rigar da raminta, wai kowa ya gani ya ɗauki darasi. Shi kuma ya ɗauke ta a haka, kowace salla sai ya sa ta da ramin, har bauta ta ƙare, har ya tsufa. Baba Tsoho a hannunsa ya tashi. Yana yaro shi ke yanka masa lomar tuwo, don yatsun ba sa haɗuwa. Da kakan zai mutu ya bar masa magana biyu, kada a toshe ramin nan, kuma kada jininsa ya ƙara yi wa wani ado da allura.

Baba Tsoho ya riƙe wasiyyar amma ya ɓoye dalilinta. Ya taso a zamanin da aka daina kiranmu bayi, ya yi gona, ya yi surukai a gidajen mutunci, bai so a tuna ba. Ya zaɓi 'ya'yansa su ɗauke shi mai taurin kai da su san daga inda suka fito. Ina faɗa maka ba ɓoye-ɓoye, har yau ina jin haushinsa, kuma ina jin haushin Kaka da garar da ta ƙirƙira. Magana guda da an yi wa Baffa tun yana yaro da ta wadatar. Kuma duk da haka ina son tsohon nan, don na ga yadda ya zauna a ƙasa cikin ƙura bayan ta gama, yana duban tafin hannunsa, aka kira magariba bai ko kurɓi ruwa ba.

Da babana ya dawo aka ɗora Baffa a jaki aka tafi da shi wajen wani mai ɗori a Danchadi. Har suka fita Baffa bai dubi inda ubansa yake ba.

Da safe gari ya ɗauki kabbara. Muna tsakar gida an ɗaure mini kai da ƙyalle, sai labulen ɗakin Baba Tsoho ya motsa. Ya fito cikin rigar. Ga sabon aljihu fari tas a ƙirjinsa, ga jinina ya bushe a kafaɗa, ga ƙurar jiya ba a kakkaɓe ba. Kaka ta dube shi ta kau da kai ta ci gaba da kwasar tuwo. Na bi shi a baya har filin Idi, mutane suna darewa suna kallo, don ba wanda ya taɓa ganinsa cikin ado. Bayan an sallame wani dattijo ya kama bakin aljihun yana juyawa, ya ce, "Wa yay yi aikin ga?" Baba Tsoho ya ɗaga murya yadda na kusa da na nesa za su ji, ya ce, "Ɗana na. Autana."

Baffa kuwa, wanda aka yi domin shi, ba ya wurin. Da babana ya je Danchadi ya gaya masa, sai ya juya fuska bango ya ce kada a yi masa ƙarya don a lallashe shi. Ɗorin ya kama amma yatsun biyu sun sandare, allura ba ta zama a tsakaninsu. Ya sayar da keken, ya wuce Sakkwato, ya koma tallar zare da maɓalli a tire. Aka yi aike, aka yi ban baki, ya ƙi zuwa. Baba Tsoho kuwa bai ƙara fashin sa rigar ba, ƙaramar salla da babba. Idan an sauko Idi ba ya biyo mu gida, sai ya zarce bakin titi ya tsaya cikin rana yana duban motocin da ke fitowa daga wajen Bodinga, har sai an aika ni in jawo shi.

Sai da Baba Tsoho ya rasu Baffa ya taka gidan. Na riga na zama budurwa. Bayan an share makoki aka fito da adudu, babana ya tura masa ya ce nasa ne. Baffa ya ɗaga rigar yana dubawa da idon tela. Wuyan ya yi baƙi da gumi. Farin zaren ya koma ruwan ƙasa, bakin aljihun ya saki saboda yawan shiga da fitar hannu. Ya zura karkatattun yatsunsa ciki, ya fito da ɓarɓashin busasshen goro. Ya daɗe yana kallonsa a tafin hannu. Sannan ya ce, a hankali, "Ashe ya sa." Ya kifa fuska a cikin rigar, mu kuma muka fita muka ba shi wuri.

Yanzu duk sun tafi, rigar tana wurina. Idan na tsaya bakin kasuwa ina ganin yaro ɗan acaba ya taho daga Kajiji cikin shadda mai aiki tun daga wuya har ciki, inji ya zuba masa a yini guda, ba mai tare shi ya tambayi ko shi ɗan wane ne. 'Yan mata kuma yau wannan yayi, gobe wancan, ni da kaina nake sayar musu da yadin ina yi musu tsiya. Wallahi ina murna da hakan, ko da rabin ɗinkin na yanzu wanki biyu ne ya zube. Idan ruwa ya ɗauke nakan fito da adudu in shanya ta, jikokina su kewaye ni suna korar kaji. Nakan juya musu ita ta ciki, inda gefen tsohon ramin yake har yanzu a ƙarƙashin ɗinkin Baffa. Kullum sai an sami mai sa yatsa ya tambaya me ya ci nan, ni kuma in ce ya gyara zama, wuƙa ce.